Rakiyar Hafsatu Zuwa Yamai da Takalman Dubiya

Tun da na dawo daga Yamai ban huta ba. A ƙofar masallaci a tambaye ni, a rumfar masu tafarnuwa a tambaye ni, har wani abokin cinikina mutumin Tursa ya tsayar da ɗan kabu-kabun da ya ɗauko shi a babur a tsakiyar hanya, don kawai ya ji ko da gaske ne na tsallaka ƙasar waje kallon wasan yara. Bakina ya gaji da maimaici. Na kuma lura kowa yana ƙara wa labarin gishirinsa, har an fara cewa a jirgin sama na tafi. To ga shi na rubuta, duk wanda ya sake tambayata sai in miƙa masa ya karanta da kansa.

Ni manomin tafarnuwa da albasa ne a fadamar Wurno, kuma kafin wannan tafiya iyakata Illela. Wadda ta ja ni ita ce Hafsatu, 'yar yayana Malam Sa'idu. Ta yi karatun kwamfuta a Sakkwato, ta dawo gida ta duƙufa ƙera wasan waya, irin wanda yara ke ce wa gem. Nata na wani ɗan manomi ne. An sako ruwa daga dam ɗin Goronyo, kai kuma da yatsanka za ka riƙa tura shi yana buɗe wa ruwa hanya yana toshewa, fangali bayan fangali, kafin rana ta ƙone shuka. In ka matsa masa babu hutu babu shan ruwa, sai ya faɗi. Wasu masu irin wannan sana'a suka ga wasan, suka gayyace ta taronsu a Yamai.

Da ta nemi izini, Malam ya ce ta fara nuna masa abin. Ina zaune a zauren. Ya karɓi wayar ya nisanta ta da idonsa, ta buga masa wasan yana kallo. A kusurwar sama akwai wasu jajayen zukata guda uku a jere. Manomin ya faɗi, zuciya ɗaya ta ɓace, sai ga shi ya miƙe garau ya ci gaba da aikinsa.

“Waɗanga mi na na?” in ji Malam.

“Ransa na, Baba. Haka aka nuna wa mai wasa ƙarhin da yar rage mai.”

“Rai nawa garai?”

“Ukku.”

“Wa ab ba shi sauran biyun?”

Malam ba mai faɗa ba ne, kuma da ma ya yi faɗan da ya fi sauƙi. Ya miƙa mata wayar ya ce ta tafi, ni Baffanta zan raka ta. Amma in ta dawo zai sake dubawa. In ya tarar an mai da ran mutum abin jerawa a kusurwa, ana cire ɗaya ana saura biyu, to ta ajiye wannan aikin har abada, don ba da sunan gidansa za a koya wa 'ya'yan mutane cewa akwai ran ajiya ba. Ya juyo gare ni ya ce, “Kai kuma abin da kag gani shi za ka hwaɗa mani.” Yarinyar nan ba ta da abin da take so a duniya kamar aikin nan. A ranar ta cire zukatan, kusurwar ta zama wayam, kuma muka kama hanya ba ta san abin da za ta sa a madadinsu ba.

Daga Wurno zuwa Sakkwato ta Achida babu labari, sai wata mata da ta ɗora mini kwandon zabi a cinya ba tare da ta nemi yardata ba. Daga Sakkwato muka shiga motar Illela. Ni ina gyangyaɗi, Hafsatu tana zane a bayan ambulan. Ta zana kwalbar ruwa mai raguwa ta soke, ta zana fitila mai disashewa ta soke. Na ce mata kwalbar ai ta yi kyau. Ta ce, “Baffa, zuciya ta dai, an canza mata riga. Baba shina ganewa.” Gaskiyarta, na san yayana.

A kan iyaka aka sauke mu, aka ce kowa ya buɗe kayansa. Wani jandarma dogo mai gashin baki ya ga kwamfuta ya ce a kunna. Da ya ji wasa ne a ciki sai ya ce a ba shi a waya ya gwada, wai don ya tabbatar. Ya jingina da motar ya shiga ban ruwa. Direba yana ta hon, fasinjoji suna harararmu, rana tana dukanmu, shi kuwa ko a jikinsa. Can sai manomin ya kife. Jandarman ya ɗago ransa a ɓace.

“Malama, wanga zalunci na. Mutum shina aiki lahiya lau, sai dai shi hwaɗi? Ina aka ganin ya gaji? Ko mota tana da allurar mai.”

Ya miƙo wayar ya ɗaga mana hannu mu wuce. Na yi murna an sake mu, amma na ga idon Hafsatu ya kawo ruwa. Mutumin farko ke nan da ya taɓa wasan a ƙasar waje, kuma ya sa yatsa daidai kan ciwon.

A Ƙonni muka ci abinci. Nan na fara haɗuwa da burodinsu mai tsawo kamar sandar kiwo, wanda ya kankare mini dasashi tun cizon farko. Sai da na ga maƙwabcina yana tsoma nasa a shayi kafin na gane ba da ƙarfi ake yi ba. Wannan maƙwabcin nawa sunansa Isufu, tela ne, mutumin Dogon Dutsi, yana aiki a Ƙonni. Ya ce zai leƙa gida ne don an aiko masa tsohuwarsa ba ta jin daɗi, amma an ce da sauƙi. Mutum ne mai ban dariya. Ya tsokane ni cewa mu Sakkwatawa ba mu iya shan shayi ba, sai ruwan zafi mai madara, ni kuma na ce su nasu ba shayi ba ne, maganin shawara ne.

Ana gab da shiga Dogon Dutsi motar ta fara tari, ta yi 'yar gurnani ta mutu. Direba ya leƙa ƙarƙashinta ya fito ya ce sai gobe. Isufu ya rantse ba za mu kwana a tasha ba alhali gidansu na nan kusa. Muka bi shi a ƙafa da la'asar sakaliya, yana gaba yana ba ni labarin wani kwastoma da ya kawo masa yadi kaɗan yana son babbar riga. Muka shiga zaure, muka ratsa tsakar gida yana dariya, sai kawai na ga ya tsaya cak, jakarsa ta sulale daga kafaɗarsa.

Ƙofar ɗakin tsohuwar ce. Takalma ne birjik, na maza da na mata, silifa da fade da sau-ciki, har sun hau kan juna sun zubo gefen randa. Babu wanda ya ce masa komai, babu kuka, ɗakin ma shiru yake. Isufu ya ce, “Sun ɓoye mani,” ya tuɓe nasa ya shige. Ni ma gabana ya faɗi, don duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san karatun wannan ƙofar.

Muka shiga muka yi sannu. Tsohuwar tana kwance, numfashi sama-sama. Aka kai Hafsatu ɗakin mata, ni aka shimfiɗa mini tabarma a zaure, aka kawo tuwon gero da miyar kuka da suka tuna mini gida. Duk da halin da suke ciki, sai da suka yi ta ba mu haƙuri wai ba a kula da mu yadda ya kamata ba. Da safe na shiga gaisuwa na tarar ƙofar ta yi sauƙi. Zazzaɓin ya sauka, tsohuwa ta sha kunu har ta yi wa Isufu faɗan ya rame, 'yan dubiya na nesa sun koma. Sai dai wani daga cikinsu ya tafi da takalmina na hagu ya bar mini nasa, wanda ya fi nawa girma kuma ba launinsu ɗaya ba. Haka na shiga babban birnin ƙasar mutane, ƙafa ɗaya baƙi ƙafa ɗaya ruwan ƙasa.

A tsakar gidan na sami Hafsatu tsugune tana kallon ƙofar. Na ɗauka addu'a take yi. Ta ɗago ta ce, “Baffa, jiya wa ag gaya ma Isuhu jikin ya tsananta?” Na ce babu kowa. Ta ce, “To yau wa ag gaya maka an samu sauƙi kahin ka shiga?” Sai kawai ta tashi da gudu ta nufi jakarta. Daga Dogon Dutsi har Doso har Yamai kwamfutar tana kan cinyarta, mota na tsalle tana zanen takalma. A ƙasan allon ta sa ƙofar ɗakin manomi. In yana da ƙarfi, nasa takalman kaɗai ne a wurin. In ya fara jigata sai ka ga wasu sun bayyana, ƙafa biyu bayan ƙafa biyu. In ka kai shi inuwa ya sha ruwa ya huta, sai su riƙa raguwa. In ƙofar ta cika ya kwanta ke nan, noman bana ya wuce shi, kuma babu wani rai da zai fito daga aljihu.

Yamai gari ne da mata ke tuƙa babur da mayafinsu ba wanda ya waiwaya. Da rana tsaka kowa ya rufe shago ya tafi ya kwanta, abin da in ka yi a kasuwar Wurno za a zo maka dubiya. Na gai da wani da Hausa ya amsa da Zabarmanci, na sake gwadawa ya juye Faransanci, muka rabu da murmushi kowa bai san abin da ɗan'uwansa ya ce ba. Sun ba ni wani kwaɗon zogale da suke ji da shi, na ci na yaba don kunya, amma na gidanmu ya fi shi ƙuli. A masauki Hafsatu tana sama wajen mata, ni aka haɗa ni ɗaki da wani saurayi ɗan Kwatano, mai 'yar Hausar zango. Yaron kirki ne, illarsa ɗaya, yana ƙure na'urar sanyaya ɗaki har sai da na kwana da hula da safa.

A zauren taron na ga abin da ban taɓa zaton manya masu gemu suna zama a kansa ba. Kowa da teburinsa, mutane suna zagayawa suna gwada wasanni. Tun da na san abin da ya kawo mu, duk teburin da na je kusurwar allo nake duba. Wasu zukata ne irin waɗanda Hafsatu ta cire. Wasu wata sanda ce kwance, koriya, in an bugi mutum ta gajarce ta koma rawaya, daga nan ja. Wani lamba ya sa tana sauka kamar awon mai. Na ɗan Kwatano ya fi ba ni tsoro, don shi babu komai a kusurwa, sai dai gefen allon ya riƙa yin ja kana jin numfashi da bugun ƙirji a kunnenka. Wata 'yar Wagadugu kuwa mutuminta ɗingishi yake farawa, sannan ya dafe ciki. Ashe wannan 'yar kusurwa ilimi ce mai zaman kanta, har gardama suke yi a kai kamar masu rabon ruwan rani.

Sai aka zo teburinmu, kuma nan abin ya kwaɓe. Duk wanda ya ɗauki wayar ya ga takalma suna ƙaruwa sai ya washe baki, ya ɗauka lada yake tarawa. Sai su ƙara tura manomin cikin rana don su sami wasu. Wani har ya kira abokinsa ya nuna masa ya cika ƙofa, yana tafa wa kansa, sai ga manomi a kwance. Wata dattijuwa cikin alƙalan taron ta yi magana mai tsawo, ɗan Kwatano ya fassara mana. Ta ce zanen ya yi kyau, amma a wasa abin da ke ƙaruwa alheri ne, abin da ke raguwa shi ne hatsari, haka hannun kowa ya saba. Ta ce za su sake zagayowa gobe.

Da muka fito, ɗan Kwatano ya ba da shawara da zuciya ɗaya. Ya ce zukatan ai suna nan a cikin kwamfuta, ta mayar da su don gobe kawai, in an koma gida ta cire. Hafsatu kuwa ni ta kalla. Wallahi na ji tausayinta har cikin raina, kuma na so a ce ba ni aka aiko ba. Na ce, “Ɗiyata, wasanki na, ba ni hana ki. Amma in Yaya yat tambaye ni, ba ni iya yi mai ƙarya.” Ta tashi ta haye sama. Har aka yi magariba ba ta sauko ba, abincin da na aika mata ya dawo yadda yake. Na zauna a harabar masauki da takalmana kala biyu, ina jin haushin Yaya, ina jin haushin alƙalai, ina jin haushin wanda ya ƙirƙiro waya tun farko.

Da sassafe ta ƙwanƙwasa ƙofa, idanunta sun kumbura. Ta miƙo waya saitin bakina ta ce in yi sannu kamar na shiga ɗakin mara lafiya. Na ce wace irin magana ce wannan da safe. Ta ce, “Jiya sun ga takalma, ba su ji ɗakin ba. Yi dai, Baffa.” Na yi gyaran murya na ce sannu. Ta ce wannan sannun mai karɓar bashi ce. Na sake, ta ce na cika ƙarfi. Sai da na tuna tsohuwar Isufu a kwance, muryata ta sauka da kanta, na ce, “Sannu. Ya jikin? Allah shi sawwaƙa.” Ta naɗi muryata, ta ɗauki ta mai sharar masaukin, ta ɗauki ta wata mai abinci da Zabarmanci, har ɗan Kwatano ya yi da yarensu. Ta kuma sa kiɗan wasan ya riƙa yin ƙasa duk lokacin da takalmi ya ƙaru.

Da alƙalan suka dawo, dattijuwar nan ta karɓi wayar da kanta. Takalman farko suka bayyana, muryata ta fito ƙasa-ƙasa, na ji kamar in nutse don kunya. Na biyu suka zo, kiɗa ya ja baya. Sai na ga fuskar matar ta canza, yatsanta ya tsaya, ta juya manomin da sauri ta kai shi gindin bishiya. Ba wanda ya yi mata bayani. Ta daɗe tana kallon takalman suna raguwa, sannan ta faɗi wata gajeruwar magana. Ɗan Kwatano ya ce wai a garinsu ma haka ƙofa take yi. Masu son jin ko mun ciyo na ɗaya, ba mu ciyo ba, 'yar Wagadugu ce ta ci. Amma teburinmu bai sake zama babu mutane ba har aka tashi.

A hanyar dawowa mun tsaya Dogon Dutsi, muka tarar da tsohuwa zaune a tsakar gida tana tsinar wake. Takalmina dai ba a gan shi ba. Tun daga Illela kuma hankalina ya koma gida, don alƙalin gaske yana Wurno.

Mun iso bayan azahar. Malam ya bari muka ci abinci muka yi salla, sannan ya aika a kira mu zaure. Ya fara da ni. Na faɗa masa komai, har shawarar ɗan Kwatano da yinin da Hafsatu ta yi ba ta yi mini magana ba. Ya miƙa hannu aka ba shi wayar, ya ce wannan karon shi zai buga. Yayana bai san hutu ba a rayuwarsa, haka kuma ya yi wa manomin. Ya tura shi fangali bayan fangali, Hafsatu tana cije leɓe ba ta isa ta ce ya kai shi inuwa ba. Takalma suka fara taruwa. Da ya ji muryata ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau, ya mayar da kai. Ƙofa ta cika, kiɗa ya ɗauke, manomi ya kwanta. Malam ya jira ya ga ko zai miƙe. Bai miƙe ba.

Ya sauke wayar ya dubi Hafsatu.

“Haka ƙohwar ɗakin uwarki tac cika. Kina ƙarama, ban zaci kin riƙe ba.”

Hafsatu ta sunkuyar da kai, hawaye suna ɗiga a kan tabarma. Ni ma na juya ina gyaran hular da ba ta karkace ba. Malam ya goge allon da bakin rigarsa, ya sake dubawa, sai ya ɗaure fuska irin yadda yake yi in ɗalibi ya kawo masa allo da kuskure.

“Amma akwai gyara. Dut mutanen ga hannu rabbana sunka zo? Ba a zuwa dubiya hakanan. Ki sa a ga ƙwaryar kunu ko hura ga gehen ƙohwa. Kuma wani cikinsu shi tashi shi kama mai ban ruwa, ba a barin gonar mara lahiya ta ƙone.” Ya miƙa mata wayar. “In kin gama ki kawo in gani.”

Ta karɓa da hannu biyu, ta tashi ta shige cikin gida har tana tuntuɓe da dokin ƙofa. Ni kuwa na miƙe ƙafafuna a kan tabarma, na ce a kawo mini ruwa, don sai a lokacin na ji ƙishirwa.